Gado ko tarbiyya? Amsa ga malamar da ɗalibanta suka haddace amsar tun kafin a yi tambayar

Wata malama da aka damƙa wa darasin girma da bunƙasar yaro a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na wata jami'a a nan Jos ta aiko da tambaya. Ta ce ɗalibanta na aji biyu duk sun iya rubuta cewa "gado da muhalli duka suna da tasiri", amma da zarar ta ce su bayyana ta yaya, sai aji ya yi tsit. Lacca uku ko huɗu kawai take da ita a kan ƙwaƙwalwar jariri da wannan muhawara. Da me za ta fara, me kuma za ta bari?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya yi jagora. Wannan jimla da ɗalibanki suka haddace gaskiya ce, amma ita ce babbar matsalarki, domin wanda ya faɗe ta yana jin ya gama tunani alhali bai fara ba. Da ni ne, tun laccar farko zan hana rubuta ta a jarrabawa sai an biyo ta da misali. Abin da nake so ɗalibi ya fita da shi shi ne ya daina tambayar wanne ya fi ƙarfi, ya koma tambayar ta wace hanya abin ya faru, a wane wata ko shekara na rayuwar yaron, kuma a cikin wane irin hali.

Ki fara da abin da suka shigo da shi daga gida. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya ce hali zanen dutse. Shi ɗin dai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ajinki a Jos ba Hausawa kaɗai ba ne, don haka ki ce wa 'yan Berom da Ngas da Mwaghavul da Afizere da Yarbawa da Ibo kowa ya kawo karin maganar gidansu. Za ki ga allo ya rabu biyu da kansa, kuma kowace al'umma tana riƙe da ɓangarorin biyu a lokaci guda. Tarihin muhawarar a Turai kada ya ci miki fiye da minti goma. Francis Galton na Ingila shi ya yayata haɗa kalmomin nan biyu, gado da tarbiyya, a 1874, ya karkata ga gado, kuma daga wajensa aka samo mummunar aƙidar nan ta tace irin ɗan Adam. John Watson na Amurka ya tsaya a ɗaya gefen a shekarun 1920, har ya yi iƙirarin cewa in aka ba shi jarirai goma sha biyu masu lafiya zai iya mai da kowannensu likita ko ɓarawo. Su san sunayen, ki wuce.

Inda nake so ki zauna sosai shi ne a kan jariri mai shawara, domin babu ɗalibin da bai taɓa ganin jaririn da idonsa ya yi rawaya ba. Akwai wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira G6PD, aikinsa kare su daga fashewa. Wasu ana haifarsu da ƙarancinsa, gado ne tsantsa, yana bin ƙwayar halittar X, wadda namiji ke da guda ɗaya mace kuma biyu, shi ya sa ya fi bayyana a yara maza, kuma yana da yawa a Najeriya. Mutum zai iya tsufa da shi bai taɓa sani ba. To amma ki kawo jariri mai wannan gado, a sa masa kayan da aka adana a akwati da kafur tun goyon yayansa. Sinadarin kafur ɗin yana shiga ta numfashi da ta fata, jajayen ƙwayoyin jinin su farfashe, wani abu mai launin rawaya da ake kira bilirubin ya taru fiye da yadda hantar jariri ɗan kwana uku za ta iya kwashewa. Idan ya yi yawa sai ya ƙetara cikin ƙwaƙwalwa, ya lalata sassan da ke daidaita motsin jiki da hanyar ji. Yaron ya tashi jikinsa na murɗewa, ko kurma, sau da yawa kuma hankalinsa lafiya lau a cikin jikin da ya ƙi bin umarninsa. Lalle ma an tabbatar yana iya jawo irin wannan fashewar jini ga jarirai masu wannan gado.

Sai ki tsaya ki tambayi ajin: wannan lalura gado ce ko muhalli? Wanda ya ce gado, ki ce masa ƙanin yaron yana da gadon iri ɗaya, amma ba a sa masa kafur ba, ga shi can yana wasa. Wanda ya ce muhalli, ki ce masa ɗan maƙwabta an naɗe shi a kaya masu kafur babu abin da ya same shi. Wanda ya ce rabi da rabi, ki nemi ya nuna miki rabin da zai saura in aka cire ɗayan. Babu abin da zai saura. Ki ƙara musu na uku: da an kai jaririn asibiti a rana ta biyu an sa shi ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske, da wataƙila ba a kai ga ƙwaƙwalwa ba. Wato nisan gida da asibiti, da kuɗin mota, da wanda ke da ikon cewa a tafi, duk sun shiga cikin labarin. Sannan ki rufe da abin da ke ba ɗalibai mamaki: wannan gado ya yawaita a yankinmu ne saboda yana ba da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda AS ke bayarwa. Ashe shi kansa gadon muhallin kakanni ne ya zaɓe shi.

Littattafan da kike amfani da su misalin da za su ba ki shi ne cutar PKU, wadda likitan ƙasar Norway Asbjørn Følling ya gano a 1934. Ita ma gado ce, tana jawo mummunar tawayar hankali, amma in aka gano ta da gwajin ɗigon jini a makon farko aka canza wa jaririn abinci, sai ya tashi da hankalinsa. Ki ambace ta don za su gamu da ita a karatu. Amma sikila ta fi kusa da su. Kusan ɗaya cikin goma na yara masu SS kan samu shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara ashirin in ba a ɗauki matakin kariya ba, wasu da yawa kuma suna samun ƙananan toshewar jijiya a ƙwaƙwalwa da ba a gani sai a faɗuwar karatunsu. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna ana iya gano yaran da ke cikin haɗari da na'urar auna gudun jini a kai, a kare su da maganin hydroxyurea. Yaron da malaminsa na firamare ke kira daƙiƙi, wataƙila wannan ne labarinsa.

Lacca ta biyu ki ba ta ga ginin ƙwaƙwalwar kanta, kuma kada ki cika su da sunayen sassa. Jeri na lokaci suke buƙata. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba, shi ya sa ake son mace ta sha folik asid tun kafin ta ɗauki ciki. Mafi yawan ƙwayoyin jijiyar da ke ɓawon ƙwaƙwalwa, sashen da ke aikin tunani, an ƙera su tun kafin haihuwa. Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwa mai nauyin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba. A shekara biyu ta kai wajen kashi uku cikin huɗu, a shekara shida wajen kashi 90 cikin ɗari. Ki tambaye su, in ƙwayoyin ba su ƙaru sosai ba, me ya ƙara nauyin? Amsar ita ce rassan da ƙwayoyin ke fitarwa, da mahaɗan da ke tsakaninsu, da ƙwayoyin da ke yi musu hidima, da rufin kitsen nan da ke naɗe jijiya don saƙo ya yi sauri.

Peter Huttenlocher na Jami'ar Chicago ya zauna ya ƙirga waɗannan mahaɗai a ƙwaƙwalwar mamata masu shekaru daban-daban. Ya gano cewa ƙwaƙwalwar yaro tana ƙera mahaɗai fiye da buƙata, daga baya ta zaftare waɗanda ba a aiki da su. A sashen gani yawansu yana kai ƙololuwa kafin yaro ya cika shekara. A sashen goshi, inda tsara al'amura da danne zuciya suke, abin yana jinkiri, kuma gyaran yana ci gaba har bayan shekara ashirin. A nan ne za ki nuna musu cewa gadon da kansa ya tsara a jira abin da duniya za ta kawo kafin a kammala ginin.

Hujjar da ta fi fito da wannan ita ce aikin David Hubel da Torsten Wiesel a shekarun 1960, wanda ya kai su ga lambar Nobel a 1981. Sun rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa a watannin farko. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa, ɗaya idon ya mamaye gurbinsa. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, babu abin da ya faru. Dalilin ke nan da likitocin ido ke gaggawar cire yanar idon da aka haifi jariri da ita cikin makonnin farko, alhali tsoho zai iya jira. A ɓangaren ji kuma, Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariran gidajen masu Turanci 'yan wata shida zuwa takwas suna rarrabe sautukan harshen Hindi da iyayensu ba sa iya rarrabewa, amma zuwa wata goma zuwa goma sha biyu abin ya dushe. Ajinki zai gane wannan nan take. Wanda ya koyi Hausa da girmansa a Terminus ko Farin Gada yana iya magana tiryan-tiryan, amma ƙ da k, ko ɗ da d, sukan zo masa ɗaya; haka Bahaushen da ya koyi Turanci a makare yake fama da p da f. Ba kasawa ba ce, kunne ne ya riga ya zaɓi sautukan gidansu.

A nan fa sai kin yi hattara, Malama, domin ɗalibai sukan tsallaka daga wannan zuwa cewa duk abin da aka rasa kafin shekara uku ya tafi ke nan. Gani da rarrabe sauti suna da zango mai tsauri, amma ƙamus da lissafi da ɗabi'a ba haka suke ba. Bincike biyu za su daidaita miki wannan. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceaușescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga dubban yara jibge a gidajen marayu, ana ba su abinci amma babu mai ɗauka, babu mai yi musu magana. Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka bi yara 136 a Bukarest, aka yi ƙuri'a aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda aka bari a gwajin basira da shaƙuwa, kuma waɗanda aka mayar kafin shekara biyu sun fi cin riba. Da wuri ya fi, amma na baya ma ba su tashi a tutar babu ba. Ki bar ajin su yi gardama a kan halaccin yin ƙuri'a da rayuwar maraya. Za su koyi ɗa'ar bincike a nan fiye da a babin da aka ware mata.

Na biyun ya fi kama da halinmu. A Kingston ta Jamaika, cikin 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da girmansu ya tsumbure saboda ƙarancin abinci, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu awa ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka koma aka same su, waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ki ajiye wannan kusa da ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018, wadda ta nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma Arewa maso Yamma ta zarce rabi. Ɗaliban da ke gabanki su ne za su yi aiki a asibitoci da makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira na Filato. Ina so su fita da sanin cewa akwai abin yi, mai araha kuma.

Lacca ta uku ita ce mai wuya, kuma ita ce na fi damuwa da ita: ma'aunin gado da ake samu daga binciken tagwaye, wato kashi nawa na bambancin mutane a wani hali ne ke da nasaba da gado. Ki bayyana dabarar a sauƙaƙe. Tagwayen ƙwai ɗaya gadonsu kusan ɗaya ne, tagwayen ƙwai biyu kuwa kamar wa da ƙani suke, rabi suka haɗa. In na farko sun fi kama da juna a wani hali, gado na da hannu. Wani babban nazari na 2015 da ya tattara binciken tagwaye na shekara hamsin ya sami matsakaicin kusan kashi 49 cikin ɗari a kan dukkan halayen da aka auna. Kada ki ɓoye musu wannan don son a ce tarbiyya ce komai. Gado yana da hannu a basira da yanayin zuciya da ciwon ƙwaƙwalwa, kuma iyayen yaro mai galahanga sun sha zargi na zalunci a zamanin da aka ɗora komai a kan uwa.

Amma ɗalibi yana jin kashi 50 sai ya ɗauka rabin basirarsa daga babansa, rabi daga makaranta. Ba haka ba ne. Adadin yana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin mutanen wata al'umma a wani zamani, ba a kan mutum ɗaya ba. Ga yadda nake bayyana shi. Ki ɗebi masara daga buhu ɗaya mai gaurayen iri, ki shuka rabi a gonar da ta sha taki a Mangu, rabi a kan tsandaurin da haƙar kuza ta bari. A cikin kowace gona, wani karan ya fi wani tsawo saboda iri, tunda ƙasarsu ɗaya. Amma tazarar da ke tsakanin gonakin biyu gaba ɗayanta daga ƙasa take, tunda buhu ɗaya aka ɗebo. Ke nan gado zai iya bayyana bambanci a cikin rukuni ba tare da ya ce komai a kan bambancin rukuni da rukuni ba. Eric Turkheimer ya nuna a 2003 cewa a cikin tagwayen Amurka ma'aunin gadon basira ya yi sama a gidajen masu hali, ya kusa ɓacewa a gidajen matalauta. Ba a sami irin wannan sakamako a Yammacin Turai ba, inda talaka ke samun asibiti da makaranta mai kyau, wannan ma abin tattaunawa ne. Kuma kusan duk waɗannan alƙaluma daga Turai da Amurka da Ostireliya suka fito.

Na nace a kan wannan ne saboda garin da muke ciki. Jos ta ga abin da ke biyo bayan maganar "ai su haka jininsu yake", tun daga rikicin 2001. Ɗalibin da ya fita daga ajinki da rabin fahimta zai iya ɗaukar kalmomin kimiyya ya yi wa tsohuwar ƙiyayya ado da su, ko a kan wata ƙabila, ko a kan almajirai. In wani ya kawo maganar cewa yaran wani yanki ba sa ja a makaranta, ki kai shi Zamfara ta 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta kashe yara fiye da 400, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Ki tuna masa da maƙoƙo da ƙarancin aidin, wanda ke dakushe basirar ɗan da ke ciki, kuma gishiri mai aidin ke maganinsa. Kafin a ce jini, a fara duba abin da yaron ya ci, ya sha, ya shaƙa.

Akwai abubuwan da zan ce ki taɓa su da taka-tsantsan. Binciken Michael Meaney da Moshe Szyf na 2004 ya nuna cewa yadda uwar ɓera ke lasar 'ya'yanta yana canza yadda wata ƙwayar gado mai kula da firgici ke aiki. Abu ne mai kyau a koyar, amma ɓeraye ne, kuma iƙirarin cewa baƙin cikin kaka yana sauka ga jika ta wannan hanya bai tabbata a mutane ba. Haka sanannen binciken Avshalom Caspi na 2003 a kan ƙwayar gado guda da ciwon damuwa: manyan binciken da suka biyo baya ba su tabbatar da shi ba, alhali yana nan a tsofaffin littattafai. Halaye irin su basira dubban ƙwayoyin gado ne ke taruwa a kansu, kowace da ɗan tasiri ƙanƙani.

Sai kuma batun gidajenmu. Littafin da aka rubuta a kan uwa ɗaya da jariri ɗaya a ɗaki zai sa ɗalibarki ta kalli matar da ke kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ta yanke hukuncin cewa yaron ya rasa kulawa. Ba ta ƙirga kaka da goggo da yaya da kishiyar uwa ba, ba ta ƙirga awannin da yake goye a baya yana jin ɗumi da muryoyi ba. Mary Ainsworth kanta a Yuganda ta fara nazarin shaƙuwar jariri a shekarun 1950. Kuma a 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun wallafa nazari a kan jariran Hausawa, suka ga jariri yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, amma ya fi jingina ga wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba mahaifiyarsa ba ce. Wannan ba ya nufin duk abin da muke yi daidai ne. Gidan da ya cika da mutane ma ana iya barin jariri babu mai amsa kukansa, musamman in uwar tana fama da damuwar bayan haihuwa. Abin dubawa shi ne ko akwai wani tsayayye da ke amsa masa.

Don aikin gida, kowane ɗalibi ya nemi izinin iyaye ya zauna awa ɗaya a gidan da ke da jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya, ya rubuta wa ya ɗauke shi, wa ya yi masa magana, da wane harshe, minti nawa ya yi yana kuka kafin a kula shi, ba tare da sunan kowa ba. In za ki iya, ki gayyato likitan yara daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ya ba su rabin awa a kan shawara da sikila. A jarrabawa kuma kada ki ce su "tattauna gado da muhalli". Ki ba su labarin yarinya 'yar shekara huɗu da ba ta fara magana ba, an haife ta a gida, ta yi rawayar ido a makon farko, kawunta kurma ne, ana harshe uku a gidan. Su faɗi tambayoyin da za su yi wa uwar, da gwajin da za su fara nema, da abin da ba su da ikon yanke hukunci a kansa tukuna. Wanda ya fara da neman a auna jinta, ki ba shi maki mai kyau.